Ƙaramin Rance da Matasa Masu Neman Abin Yi: Wa Yake Ɗagawa, Wa Yake Kayarwa?

Yau a filinmu na faɗakarwa zancen kuɗi za mu yi, wato ɗan ƙaramin rancen nan da ake ba mai ƙaramin ƙarfi don ya ja jari, da sauran tallafin da ake yi wa masu son kafa sana'a. Kusan shekara 50 ke nan ana gwada wannan hanya a ƙasashe masu tasowa, kuma an tara sani mai yawa a kan inda ta yi rana da inda ta cuci mutane. Duk matashin da ke shirin sa hannu a takardar bashi, haƙƙinsa ne ya ji wannan sani kafin ya ɗauki biro.

Bankin Raya Afirka ya ƙiyasta cewa a kowace shekara matasa miliyan 10 zuwa miliyan 12 ne ke shigowa fagen neman aiki a nahiyarmu, alhali guraben aikin albashi da ake buɗewa ba su wuce miliyan 3 ba. Sauran miliyoyin, kowa ya san inda suke. Suna kan babur suna acaɓa, suna tura baro a kasuwa, suna bin motoci da ruwan leda a danja, suna ci-rani a Legas da Abuja, wasu kuma sun bi ta Agadas sun nufi hamada. Yawancin waɗanda muke kira marasa aiki ba a kwance suke ba, don ɗan talaka ba shi da halin kwanciya, in bai fita ba, ba zai ci ba. Damuwarsa ita ce aikin da yake wuni yana yi ba ya tara masa komai. Yau samu gobe rashi, shekara ta zagayo tana iske shi inda ta bar shi. Da gwamnatoci suka ga ofis da masana'anta ba za su ɗauke wannan taro ba, sai suka ce to a ba kowa ɗan jari ya ɗauki kansa aiki.

Tunanin ya yi suna ne daga ƙasar Bangaladash. A shekarar 1974 an yi mummunar yunwa a ƙasar. A lokacin akwai wani malamin tattalin arziki a jami'ar Chittagong mai suna Muhammad Yunus, wanda ya ga mutane na mutuwa a waje shi kuwa yana aji yana zana lissafi a allo. Sai ya fara shiga wani ƙauye da ke maƙwabtaka da jami'ar, sunansa Jobra. A can, cikin 1976, ya tarar da wata mata, Sufiya Begum, tana saƙa kujerun gora. Kuɗin goran da take bukata a rana taka 5 ne, a kuɗin ƙasarsu, amma ba ta da su. Sai ta karɓa wurin wani ɗan kasuwa bisa sharaɗin shi kaɗai za ta sayar wa kujerun, kuma shi zai yanka farashi. In ta gama wahalar wuni guda, abin da ke saura a hannunta rabin taka ne. Yunus ya sa aka bi ƙauyen aka rubuta masu irin wannan hali, aka samu mutum 42, kuma gaba ɗaya abin da ya ɗaure su taka 856 ne, kimanin dalar Amurka 27. Ya zaro daga aljihunsa ya ba su rance, suka kuwa biya.

Da ya je bankuna ya ce su ci gaba daga inda ya tsaya, sai suka ce talaka ba shi da jingina, bai ma iya cike takarda ba. Shi ya tsaya musu, har abin ya zama bankin Grameen a 1983. Tsarinsa mai sauƙi ne. Mutum biyar su haɗa ƙungiya, kowa ya san kowa, ma'aikacin banki ya zo ƙauye kowane mako a biya kaɗan-kaɗan a bainar jama'a, wanda ya cika alkawari a ƙara masa a zagaye na gaba. Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu karɓa mata ne. Duniya ta ɗauka da zafi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2005 a matsayin shekarar ƙaramin rance, a Disambar wannan shekara Babban Bankin Najeriya ya fitar da manufarsa ta ƙananan bankuna, sannan a 2006 aka ba Yunus da bankinsa lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya.

Amma jama'a, ku riƙe wani abu daga labarin matar nan, don a kansa shirin yau ya tsaya. Ranar da Yunus ya same ta, ta riga ta iya saƙa. Tana da kayan sayarwa, kuma akwai masu saye. Abu ɗaya tak ta rasa, kuɗin gora. Rancen ya zo ya cike wannan gurbi guda ne.

Shekaru sun tafi ana ta yabo, sai masana suka ce a auna a gani. Yadda suke aunawa shi ne a ɗauki unguwanni ko ƙauyuka ko mutane masu kama da juna, a jefa ƙuri'a, wasu a kai musu rance wasu a bar su tukuna, bayan shekara ɗaya ko biyu a koma a duba bambanci. An yi haka a ƙasashe shida: Indiya, Maroko, Habasha, Meziko, Mongoliya da Bosniya, aka haɗa sakamakon aka fitar a 2015. Cikin masu binciken akwai Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda su ma suka samu Nobel ta tattalin arziki a 2019. Abin da aka gano ya sanyaya gwiwar mutane da yawa. Da farko, da aka kawo rancen har ƙofar gida, a yawancin ƙasashen akasarin mutane ba su ma karɓa ba. Waɗanda suka karɓa, wasunsu sun ƙara kaya a shago, wasu sun sayi dabba, wasu sun samu sararin zaɓar aikin da suke so. Amma in aka duba kuɗin da ke shiga gidaje a dunƙule, ba a ga wani tashi na a-zo-a-gani ba. Rancen bai talauta jama'a ba, bai kuma fitar da su daga talauci ba.

Da aka koma birnin Haidarabad, inda aka yi gwajin na Indiya, bayan wasu shekaru, sai aka ga inda amfanin ya tafi. Gidajen da dama suna da sana'a kafin rancen ya zo, kasuwancinsu ya bunƙasa sosai. Waɗanda rancen ne ya sa suka buɗe sana'a, kusan babu abin da ya ƙaru gare su. Manomi zai fi kowa gane wannan, domin rance kamar takin zamani yake. In shuka ta fito ta kama ƙasa ka zuba mata, za ka ga aiki. In ka watsa shi a filin da ba a yi shuka ba, ka yi asarar taki, kuma kuɗin buhun yana wuyanka.

To wane ne matashin da muke magana a kansa? Shi ne wanda bai da shago, bai da masu saye, sau da yawa ma bai gama koyon sana'ar ba. Wato shi ne ainihin mutumin da rance ya fi kasa taimaka wa. Bankunan ma sun san haka, shi ya sa suka fi son uwa mai tuyar ƙosai shekara goma a kan ɗanta da ya gama sakandare bara.

Bari mu buga misali, ku biyo ni da lissafi. A ce wani saurayi ya karɓi naira 100,000 zai yi kiwon kaji. An ce masa kuɗin ruwa kashi 5 cikin 100 ne a wata, na wata shida. Ya ji abin kaɗan ne. Jimillar da zai biya naira 130,000, wato naira 5,000 kowane mako har mako 26, kuma biyan farko mako mai zuwa ne. Ya sayo 'yan tsaki, ya sayi abinci, ya sayi maganin rigakafi, ya shimfiɗa ɓuntun shinkafa, ya kunna musu gawayi da daddare saboda sanyi. Kajin nama ba sa isa sayarwa sai sun yi mako shida zuwa takwas. Cikin waɗannan makonni babu ko sisi da ke shigowa, amma duk mako mai karɓar kuɗi yana ƙofar gida. Ina zai samo? Daga cikin rancen zai ware naira 30,000 ko 40,000 ya ajiye, yana mayar wa banki kuɗin banki. Ashe jarin da ya shiga kiwo bai wuce 60,000 zuwa 70,000 ba, ruwan kuwa a kan 100,000 ake lissafa shi. Kuma tun da yana rage uwar kuɗin kowane mako amma ruwan bai ragu ba, in aka yi lissafin gaskiya abin da yake biya ya haura kashi 100 cikin 100 a shekara. Yanzu a ce cuta ta shiga ɗakin a mako na huɗu, ko buhun abinci ya tashi. Kaji sun tafi, bashi yana nan, yaro ya fara kwana a gidan aboki don kada a same shi.

Wannan biyan gaggawa ba ƙaramin abu ba ne, kuma an gwada sassauta shi. A birnin Kalkata na Indiya an raba mata masu karɓar rance gida biyu. Wasu suka fara biya bayan mako biyu kamar yadda aka saba, wasu aka ɗaga musu ƙafa wata biyu. Bayan shekara uku, waɗanda aka ɗaga wa ƙafa ribarsu ta mako ta fi ta sauran da kusan kashi 40 cikin 100, saboda sun samu damar zuba kuɗin gaba ɗaya a abin da ke ɗaukar lokaci kafin ya kawo. Sai dai waɗanda suka kasa biya a cikinsu sun fi yawa, kuma nan ne bankuna ke ja da baya. Banki so yake kuɗinsa su dawo cif, sana'a kuwa ba ta girma sai an yi kasada. Wannan saɓani yana cikin tsarin tun asali.

In kuma neman riba ya yi wa masu ba da rancen yawa, abin yakan zama bala'i. A jihar Andhra Pradesh ta Indiya kamfanoni sun yi ta rige-rigen ba da bashi, har mace ɗaya ta karɓa a wuri uku ko huɗu, tana cin wannan tana biyan wancan. A 2010 rahotanni suka yi ta fitowa na mutanen da suka kashe kansu saboda matsin masu karɓar bashi. A watan Oktoba gwamnatin jihar ta kafa doka mai tsanani, jama'a suka daina biya, harkar ta durƙushe. Mu ma irin wannan ta iso mu ta wayar hannu. Manhajojin nan da ke ba da bashi cikin minti biyar, in ka yi jinkiri sai su bi lambobin da ke wayarka suna aika wa surukanka da abokan aikinka saƙon cewa kai ɓarawo ne. Abin ya kai a 2022 hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu sayayya ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas. Ɗan'uwa, bashin mako biyu ba ya kafa sana'a ko wace iri ce. Don Allah ka nisance shi.

To in rance bai dace da mai farawa ba, me ya dace da shi? Mu leƙa arewacin Yuganda, yankin da ya sha yaƙi kusan shekara 20. Gwamnati ta ce matasa masu shekara 16 zuwa 35 su haɗa ƙungiyoyi, su rubuta sana'ar da suke son koya da kayan aikin da suke bukata. Ƙungiyoyi 535 suka cancanta, kuɗi bai isa kowa ba, a 2008 aka jefa ƙuri'a aka ba kusan rabinsu. Abin da ya zo kan kowane mutum kimanin dala 382 ne, kyauta, babu biya, kuma babu mai bin su yana duba aljihu. Mutane da yawa sun ɗauka shagali za a yi da kuɗin. Ba haka aka yi ba. Mafi yawan kuɗin sun tafi wurin sayen kayan aiki da biyan masu koyarwa: keken ɗinki, zarto da guduma, kayan walda, kayan gyaran gashi. Bayan shekara huɗu, abin da suke samu ya fi na waɗanda ƙuri'a ba ta faɗa kansu ba da kashi 38 cikin 100.

Labarin bai ƙare nan ba, kuma ba zan ɓoye muku sauransa ba. Da masu binciken suka koma bayan shekara tara, sai suka tarar waɗancan da ba su samu ba sun kamo su a wajen samu. Sun yi ta leburanci suna tari har suka kafa nasu. Waɗanda suka samu tallafin sun fi yawan kadara a gida, sun kuma fi zama a sana'ar hannu, amma ratar kuɗin shiga ta rufe. Ni a ganina wannan bai rage darajar shirin ba. Matashi ya samu a shekara 22 abin da da sai ya kai 30 zai samu, ai ba ƙaramin abu ba ne, domin a tsakanin shekarun nan ne ake aure, a cikinsu ne kuma ake rasa yara zuwa shaye-shaye, da bangar siyasa, da daji.

Ga waɗanda suka fi kowa talauci kuwa, ƙungiyar BRAC ta Bangaladash, wadda Fazle Hasan Abed ya kafa a 1972, ta gano tun da wuri cewa rancenta ba ya isa gare su. A 2002 ta fito da wani tsari: a ba gida dabba ko kayan sana'a kyauta, a koya musu kula da ita, a riƙa ba su ɗan kuɗin abinci na wasu watanni don kada yunwa ta sa su sayar da jarin, a sa su fara ajiya, sannan wani ya riƙa zuwa gida a kai a kai yana duba yadda ake ciki. An gwada shi a Gana, Habasha, Indiya, Pakistan, Peru da Honduras, kuma a biyar daga cikin shidan amfanin ya ɗore bayan an janye tallafi. Inda ya gaza, wato Honduras, kaji aka raba, cuta ta kashe akasarinsu. Wannan kuɗin abincin da wannan ziyarar su ne abin da shirye-shiryenmu suka fi mantawa. A tara matasa a fili, a raba kekunan ɗinki a gaban 'yan jarida, a watse. Yaron da bai karya ba tun safe, bai iya ɗinki ba, ba shi da kuɗin hayar shago, in ya sayar da keken a bakin ƙofa kafin la'asar, laifin ba nasa ba ne shi kaɗai.

Koyarwar ma iri-iri ce. A birnin Lome na Togo an ɗauki masu ƙananan sana'o'i 1,500 aka kasa su uku. Kashi ɗaya aka koya musu darasin kasuwanci da aka saba, irin su rubuta shiga da fita da tsara talla. Kashi na biyu aka horar da su a kan himma: yadda mutum zai nemo abin da zai bambanta kayansa da na maƙwabcinsa, ya fita neman masu saye maimakon zaman jira, ya hango matsala tun ba ta zo ba, in ya faɗi ya tashi. Kashi na uku ba a koya musu komai ba. Cikin shekara biyu ribar 'yan kashi na biyu ta ƙaru da kashi 30 cikin 100, ta 'yan darasin da aka saba kuwa ƙaruwarta ba ta taka kara ta karya ba. Duk wanda ya ga layi guda da masu cajin waya shida, ko 'yan POS takwas a mararraba ɗaya kowa yana kallon kowa, ya san dalilin. In aka ba matasa dubu jari suka buɗe sana'a iri ɗaya a unguwa ɗaya, masu sayen ba su ƙaru ba, cinikin ne aka rarraba.

Wannan ya kawo mu ga wata gaskiya da ba a cika son faɗa ba. Ba kowa Allah ya yi wa baiwar kasuwanci ba. Da yawan matasanmu, in da za a ba su zaɓi tsakanin jari da aiki mai albashi tabbatacce, aikin za su ɗauka, kuma ba abin kunya ba ne. Saboda haka wani lokaci hanyar taimakon mutum goma ita ce a ƙarfafa mutum ɗaya da zai ɗauke su. An gwada wannan a nan Najeriya. A 2011 gwamnatin tarayya ta buɗe gasar YouWiN, lokacin Ngozi Okonjo-Iweala tana ministar kuɗi. Kusan mutum 24,000 suka aika da tsarin kasuwancinsu, aka zaɓi 1,200, aka ba kowannensu abin da ya kai kimanin dala 50,000 a matsakaici, kyauta, ana sakin kuɗin kashi-kashi gwargwadon yadda aiki ke tafiya. Wani masanin Bankin Duniya, David McKenzie, ya bi sawunsu shekara uku, ya ƙiyasta cewa zagayen farko ya samar da ayyuka kusan 7,000, kuma waɗanda suka ci gasar sun fi takwarorinsu kaiwa ga ɗaukar ma'aikata 10 ko fiye. Aibinsa shi ne ta intanet aka riƙa nema, don haka masu ilimin boko na birni suka fi cin moriya. Amma ku kwatanta shi da naira 10,000 ta TraderMoni da aka fara rabawa a 2018. A wancan lokaci dubu goma za ta ƙara wa mai tumatir kwando, wannan gaskiya ne, sai dai ba za ta ɗauki ko yaro ɗaya aiki ba.

Na san akwai masu saurare da tun ɗazu suke cewa, malam, duk wannan zance ne na kuɗin ruwa, mu kuwa addininmu ya hana. Damuwarku tana kan hanya, kuma ita ce ta sa dubban matasa a ƙasar Hausa ba sa kusantar banki. Amma akwai mafita, har an gan ta a aikace. A birnin Lahor na Pakistan, Dakta Amjad Saqib da abokansa sun kafa Akhuwat a 2001. Rancensu na farko rupi 10,000 ne da suka ba wata mata da mijinta ya rasu, babu ruwa ko kaɗan. A masallatai suke raba rancen, wani lokaci a coci, a gaban jama'ar unguwa, kuma wanda ya biya ya tsaya da ƙafarsa ana kwaɗaitar da shi ya riƙa sa ɗan abin da ya samu don wani ya amfana. Yau suna cikin manyan masu ba da rance marar ruwa a duniya. Mu da muke da zakka da waƙafi da attajirai a kowane gari, me ya hana masallacin Juma'a guda ya riƙe irin wannan asusu, da littafi a buɗe da kwamitin da jama'a suka yarda da shi?

A littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu ma akwai babin ƙiradi: mai kuɗi ya kawo jari, mai ƙarfi ya kawo aiki, a raba riba yadda aka yi yarjejeniya, in asara ta zo ba da sakaci ba mai kuɗi ya ɗauka. Kasuwanninmu sun daɗe a kan wani abu mai kama da haka. Je ka Kantin Kwari ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ka tambayi masu shaguna yadda suka fara. Sau da yawa mutum zai ce maka yaron shago ne shi a da. Ya yi shekaru yana share shago, yana ɗauko kaya, yana sanin wane ne mai biya wane ne mai taurin bashi, yana koyon sari da lokacin da kaya ke kwantai. Ran da ubangida ya sallame shi, ba kuɗi kaɗai ya ba shi ba. Ya ba shi kaya bashi ya sayar ya kawo, ya haɗa shi da dillalai, ya tura masa wasu daga cikin masu sayensa. Duk abin da masana suka gano a Yuganda da Togo da Bangaladash yana cikin wannan tsari. Inda yake da rauni shi ne babu rubutu. Akwai iyayen gida masu tsoron Allah, akwai kuma wanda zai riƙe yaro shekara goma, in lokacin sallama ya yi sai ya ƙirƙiro masa laifi ya kore shi hannu rabbana. Iyaye, in za ku kai ɗa wurin ubangida, ku je da shaidu, a faɗi shekaru, a faɗi abin sallama, a rubuta, shugabannin kasuwa su sa hannu.

Sai ajiya, wadda a nan ƙasar Hausa ce ta koyar da duniya. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan karkara a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, aka ɗauki adashin da suka gada aka gyara shi, aka kira shi Mata Masu Dubara. Mata su haɗu duk mako, kowace ta zuba abin da ta iya a akwati, mai bukata ta ranta daga ciki bisa ƙa'idar da su da kansu suka gindaya, in zagaye ya cika a fasa a raba. Babu kuɗin wani baƙo a ciki. Daga Maraɗi tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, miliyoyin mutane suna cikinsa. Samari, abin da iyayenku mata suka iya da kuɗin ƙuli-ƙuli, ku ma za ku iya da kuɗin acaɓa. Wanda ya yi wata shida yana zubi bai tsallake ba ya gwada wa kansa cewa zai iya biyan bashi, ya kuma tara abin da zai sa bashin da zai nema ya zama kaɗan.

Masu riƙe da asusun gwamnati, ku ma akwai naku. In kyauta ce, ku ce kyauta ce. In rance ne, ku ce rance ne, ku kuma karɓa. Abin da ya kashe shirye-shirye da yawa shi ne a kira abu bashi a takarda, a raba shi gab da zaɓe ta hannun 'yan siyasa, kowa ya ɗauka rabonsa ne na arzikin ƙasa. Ba a biya ba, asusu ya ƙafe, na bayansu ba su samu ba, sannan a ce matasa ba su da amana. Kuma mai walda da kuka ba inji, in babu wuta a layinsu, rabin cinikinsa a man janareto zai ƙare.

Kai kuma ɗan'uwa da takardar rance ke gabanka a yanzu, kafin ka sa hannu ka tambayi ma'aikacin ya faɗa maka jimillar abin da za ka biya a naira, kada ka tsaya a kan kashi kaza cikin ɗari. Ka tambaye shi ranar biyan farko, ka auna ta da ranar da sana'arka za ta fara kawo kuɗi. Ka tambayi abin da za a cire tun kafin kuɗin su shigo hannunka, na fom da na inshora da ajiyar dole. Ka tambayi abin da zai faru in ka yi jinkirin mako guda, da wanda za a kama in ka gaza, domin sau da yawa mahaifiyarka ce ko abokin da ya tsaya maka. Sannan ka ƙirga mutanen da suka taɓa sayen abin da kake yi da kuɗinsu, ban da 'yan gidanku. In ka ƙirga ka ga babu, ka mayar da takardar tukuna, ka nemi wanda ya iya ka zauna a ƙarƙashinsa, ka shiga adashi. Ƙanwata mai ɗinki ko mai yin sabulu da turare, wadda masu saye ke jira amma kayan aiki sun gaza, ke ce rancen zai fi yi wa amfani, ki dai nemi wanda zai ɗaga miki ƙafa kafin biyan farko.